Kare ya kasa tashi da ƙafafun baya, kuma akwai kaska a jikinsa: me ya kamata a yi?

Ɗan Sawaba ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar dabbobi. Karen gadin gidanmu ne a nan Sawaba, Kumasi. Namiji ne, shekararsa biyu, nauyinsa wajen kilo 18. Shekaranjiya da yamma ya fara tangaɗi in yana tafiya, jiya ya tashi da ƙyar, yau kuwa ƙafafun bayan sun ƙi ɗaukarsa sam, sai dai ya ja jiki da na gaba. Haushinsa ma ya dishe. Amma hankalinsa yana nan, yana gane kowa, yana kaɗa wutsiya in an kira shi. Na leƙa kunnuwansa na ga kaska da yawa, har da manya biyu da suka sha jini suka kumbura kamar ƙwayar gyaɗa. An yi masa allurar haukan kare wata bakwai da suka wuce, katin yana hannuna. Wani maƙwabci ya ce in shafa masa kananzir ko baƙin mai, wani ya ce in yi masa wanka da maganin feshin shanu. Ban yi ko ɗaya ba tukuna. Shin kaska tana iya shanye kare haka? Me zan yi kafin in kai shi wurin likita? Kuma yana tashi kuwa?

Mai Duba Dabbobi ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kyauta da ba ka shafa masa komai ba. Amsar tambayarka ta farko: e, tana iya. Macen kaska ce ke yin wannan ɓarnar. In ta kafa baki ta yi kwanaki tana shan jini, akwai dafin da ke fita tare da yawunta, shi kuma dafin yana tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Ƙashi lafiya lau, tsokar ma lafiya lau, umarnin motsi ne ba ya isa. Shi ya sa za ka ga kare a kwance ba ya kukan ciwo, ba zazzaɓi, ido a buɗe tar, amma ƙafa ta ƙi. Alamun sukan fara ne bayan kaskar ta yi kamar kwana biyar zuwa tara a manne, kuma daga baya suke farawa su hau gaba cikin kwana ɗaya zuwa uku: ƙafafun baya, na gaba, sannan maƙogwaro da tsokar numfashi. Dishewar haushin da ka faɗa tana nuna abin ya fara taɓa maƙogwaro, don haka kar ka bari ya kwana bai ga likita ba.

Sai dai in gaya maka gaskiya, irin kaskar da ta yi suna da wannan cuta a Ostiraliya da Amurka take. Wadda ta cika gidajenmu jar kaskar kare ce, ita kuma ta fi shahara da sa zazzaɓi da ƙarancin jini, ba kasafai take shanye kare ba, ko da yake an san tana yi. Saboda haka ka cire kaska yanzu, amma kar ka yanke hukunci cewa ita kaɗai ce.

Ga yadda ake cirewa. Ka sa safar hannu. Ka sami hantsaki mai tsinin baki, ka kama kaskar daidai inda bakinta ya shiga fata, ba a kumburarren cikin ba. Ka ja a hankali, kai tsaye, ba fizga, har ta saki. In ka matse cikinta, abin da ke ciki ne kake tura wa karen. Kananzir, baƙin mai, man shafawa da garwashin wuta duk ba sa sa ta saki da sauri, suna ƙona fata ne kawai, kuma karen zai lashe ya ƙara wa kansa wata cutar. In ɗan bakin ya karye ya rage a fata, kar ka tona da allura, ka goge wurin da sifirit ko aidin, jiki zai fitar da shi da kansa. Waɗanda ka cire ka zuba su a ƙaramar kwalba mai sifirit ka tafi da su wurin likita ya ga irinsu. Kar ka fasa su da farce.

Babban aikin shi ne nema, domin guda ɗaya da aka bari ta isa ta ci gaba da zuba dafi. Ido ba ya wadatarwa, da yatsu ake laluba, ana bi gashi ta baibai daga hanci har ƙarshen wutsiya. Ka kwance abin wuyansa ka duba ƙarƙashi. Ka bi cikin kunne da bayansa, fatar ido, ƙarƙashin haɓa, hammata, matsematsi, gindin wutsiya, kewayen dubura, sannan ka buɗe tsakanin yatsun kowace ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har ƙasan tafin. In mai gashi ne da yawa a aske shi. Mutum biyu su yi neman dabam-dabam, a kuma maimaita safe da yamma har kwana uku, don wadda take ƙarama yau gobe ta kumbura ta fito fili.

Abin da ke kashe kare a wannan hali abu biyu ne, ba ƙafar ba: ƙwarewa da tsayawar numfashi. Tun da muryarsa ta canza, ka ɗauke abinci da ruwa daga gabansa har likita ya gwada haɗiyarsa. Kar a ɗura masa madara, koko ko ruwan gishiri da sukari da sirinji. In maƙogwaro ba ya rufewa daidai, abin huhu yake tafiya, kwana biyu sai ciwon huhu ya kama shi, ga kaska an cire amma kare ya tafi. In yana bukatar ruwa, ta jijiya za a ƙara masa. Ka ƙirga numfashinsa yana kwance: lafiyayyen kare yakan yi 10 zuwa 30 a minti ɗaya. In ka ga yana numfashi da ciki, yana gurnani wajen fitar da iska, ko harshensa ya fara yin shuɗi-shuɗi, to babu sauran jira ko na awa ɗaya.

Wajen ɗaukarsa, ku shimfiɗa bargo ko buhu ku ɗaga shi mutum biyu, a kwance a kan ƙirji, kai a ɗan sama. Kar a ɗora shi a bayan aboboya, wato babur ɗin kaya mai ƙafa uku, cikin tsakar rana ba inuwa, domin da haki kare ke rage zafin jikinsa, wanda numfashinsa ya raunana kuwa ba ya iya hakin yadda ya kamata. Asibitin dabbobi na gwamnati yana Amakom, ba nisa daga wajenku, akwai kuma makarantar likitancin dabbobi a jami'ar KNUST.

Batun tashi, in dafin kaska ne kuma an cire duka, sau da yawa ana ganin sauƙi cikin awa 24, ya miƙe cikin kwana biyu zuwa uku. Irin ta Ostiraliya ce take ci gaba da tsananta ko bayan an cire, har sai an yi allurar karya dafi. In kwana uku suka wuce ba wani canji, ko dai akwai wadda ta ɓuya, ko kuma ba kaskar ba ce tun farko.

Hajiyar Asawase ta amsa:

Bayanin Malam ya yi, amma akwai abin da nake so a ja masa layi, domin rai ne a ciki. Ɗana, mutane sun ɗauka mahaukacin kare shi ne mai gudu yana cizon duk wanda ya gani. Akwai nau'i na biyu, wanda karen ba ya faɗa da kowa, sai dai ya shanye. Shi ma ƙafafun baya suna mutuwa, murya tana canzawa, haɗiya tana gagara. Abin da aka fi gani a tare da shi shi ne muƙamuƙin ƙasa ya saki, baki a buɗe, yawu yana dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. A nan ne mutane ke cutuwa, sai mai gida ya tura hannu cikin baki wai zai ciro ƙashi.

Allurar da aka yi masa wata bakwai da suka wuce ta rage wannan fargabar ƙwarai, ka tafi da katin. Duk da haka, har likita ya gan shi, kar kowa ya taɓa bakinsa ko yawunsa da hannu tsirara, a kuma hana yara zuwa kusa. Ka tuna ko wani baƙon kare ya cije shi a 'yan watannin nan, ka gaya wa likita. In kuma akwai wanda ya ciza, ya yakusa, ko ya lasar masa ciwo a kwanakin nan, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi, ba a jira a ga abin da zai faru da karen. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Karen da ke ɗauke da ita shi ma ba ya samun sauƙi, yakan mutu cikin kwana goma da fara alamun, shi ya sa ake killace wanda ya yi cizo na kwana goma ana lura da shi. Kuma kar a kashe shi a jefar a kwata saboda tsoro. A sanar da ma'aikatan dabbobi, su ne ke da hanyar gwadawa.

Na Ɗakin Gwaji, Tafo ya amsa:

Ɗan'uwa, kafin ka fita ka duba abu uku ka riƙe amsarsu, za su rage wa likita aiki. Da safar hannu ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi: na lafiya ja-ja ne mai haske, in ka danna da yatsa ya yi fari sai jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. In ka gan shi fari fat kamar takarda, ko rawaya irin na mai shawara, jini ne ke ƙarewa. Na biyu fitsari, in ya yi duhu kamar baƙin shayi, ƙwayoyin jini ne ke fashewa. Na uku zafin jiki, ana sa ma'auni ta dubura, na kare daga 38 ne zuwa 39.2, abin da ya haura 39.5 zazzaɓi ne. Dafin kaska shi kaɗai ba ya kawo ko ɗaya daga cikin ukun nan. In ka ga ɗayansu, to mai yiwuwa zazzaɓin kaska ne, shi ma yana kwantar da kare har ya kasa tashi, amma don rashin ƙarfi, ba don jijiya ta tsaya ba. Irin wannan karen za ka gan shi a galabaice, ba ruwansa da kowa, ya daina cin abinci tun kwanaki. Yana yiwuwa kuma a sami duka biyun a jikin kare ɗaya, tun da kaskar ce ta kawo su.

Ka nemi a ɗebi jini a duba, kar a yi magani da ka. Cututtuka biyu aka fi samu. Akwai babesiya, wadda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda maleriya ke yi wa mutum, ana ganinta a madubin likita in an ɗiga jinin bakin kunne a gilashi. Akwai kuma erlikiya, wadda ke rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, sai ka ga haɓo ko ɗige-ɗigen jini a dasashi da fatar ciki. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Erlikiya doksisaikilin ake ba ta, miligiram 10 a kowane kilo sau ɗaya a rana, har kwana 28. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina bayan mako ɗaya don kare ya warware, cutar kuwa ta lafa ne, daga baya ta koma ɓargo inda maganinta ke da wuya. Ana ba da shi tare da ɗan abinci, ba tare da madara ba, kuma sai haɗiya ta dawo daidai.

Babesiya kuwa allura ce, imidokab ko Berenil. A kan Berenil nake roƙon kowa ya yi hattara, don ana samunsa a shagunan maganin dabbobi kuma masu shanu sun saba da shi. Ƙaramin ƙullin nan mai giram 2.36 an auna shi ne don saniya mai kilo 300. Kare miligiram 3.5 yake ɗauka a kowane kilo, wato naka mai kilo 18 wajen kashi ɗaya cikin goma sha bakwai na ƙullin kawai yake bukata. In aka zarce, ko aka maimaita kusa-kusa, ƙwaƙwalwa yake taɓawa: kare ya sanƙare, ya yi ta juyi, ya mutu, kuma babu maganin karya shi. A auna karen a sikeli, likita ya yi lissafin da kansa.

Ka kuma gaya wa likita in karen yana fita yawo ya ci mushe ko ruɓaɓɓen kayan ciki, domin gubar da ke cikin mushe tana shanye jiki kusan sak irin na kaska, sai dai warkewarta takan ɗauki mako biyu zuwa uku. Saran maciji irin su gamsheƙa ma yana yi, amma shi cikin awoyi yake kwantar da kare, ba kwana uku ba.

Alhajin Mayanka ya amsa:

Likita, a gafarce ni, amma maganin feshin shanu yana kashe kaska nan take. In an sirka shi da ruwa sosai, me zai hana a yi wa karen wanka da shi a huta da tsintar ɗaya-ɗaya?

Mai Duba Dabbobi ya amsa:

Alhaji, ranka ya daɗe, yana kashewa kam, amma ba a kan wannan karen ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amitaras, sinadarin da ke cikin maganin feshin shanu irin su Taktic, yana sa kasala, yana rage bugun zuciya da zafin jiki ko a lafiyayyen kare in ya yi yawa. Ka ɗora wannan a kan dabbar da numfashinta ke tangal-tangal, ka ga inda za a kwana. Kuma in ya ƙara laushi bayan wankan, ba mai iya bambance ko dafin ne ko maganin. A lafiyayyen babban kare, in mai ƙarfin kashi 12.5 ne, mililita 2 ake sa wa lita ɗaya ta ruwa, a auna da sirinji, ba da murfin kwalba ba, a yi a fili inda iska ke kaɗawa, a hana shi lasa har ya bushe. Ba a yi wa ƙananan 'yan kwikwiyo, ba a yi wa kyanwa ko doki. Magungunan ƙwari na gona da na ɗaki kuwa ba a sa su a jikin kare ko kaɗan.

Ɗan Sawaba ya dawo:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. An kai shi a ranar. Zafin jikinsa 38.7, dasashi ja, ba a ga komai a jini ba. Bayan an aske shi an sami wata babbar kaska a tsakanin yatsun ƙafar gaba ta hagu, wadda duk nemanmu ba mu gani ba. An ƙara masa ruwa, an hana shi ci kwana ɗaya. Washegari da yamma ya fara tattara ƙafafun baya in an mintsine shi, kwana na uku ya miƙe yana rawar jiki, yau kwana biyar yana zagaya tsakar gida, haushin ma ya fara dawowa. Tambayata yanzu biyu ce: yaya zan kula da shi a kwanakin nan, kuma yaya zan yi da kaskar da nake gani tana hawa bangon ɗakinsa?

Mai Duba Dabbobi ya amsa:

Alhamdu lillahi. Saurin tashin nan bayan an cire ta ƙarshen shi ne babbar shaidar cewa dafin kaska ne, don babu gwajin jini da ke nuna shi kai tsaye.

Kar ka mayar da shi gadi yanzu. Aƙalla mako biyu ba gudu, ba zama a rana, domin ƙafa tana riga maƙogwaro da ƙirji warwarewa. Abinci mai laushi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana, yana tsaye ko zaune a kan ƙirji, ban da ƙashi. Kare mai nauyinsa yana bukatar ruwa wajen lita ɗaya a rana, ka lura yana sha ba tare da tari ba. In ka ji tari, ka ga majina a hanci ko numfashi ya ƙaru, a koma asibiti, alamar wani abu ya shiga huhu ne. Ka sa ido a kan fitsarinsa ma. Sannan tun da erlikiya takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta nuna kanta, jinin da ya fita lafiya ranar nan bai rufe maganar ba, ka riƙa duba dasashi da cin abincinsa har wata guda.

Batun bango, abin da kake gani a jikin kare kaɗan ne daga abin da ke gidan. Jar kaskar kare a cikin gini take rayuwa. Macen in ta ƙoshi sai ta faɗo, ta hau bango ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai. 'Ya'yan su fito ƙanana kamar ƙwayar gero, su hau kare su sha, su sauka su yi saɓa, su sake hawa, sau uku ke nan a rayuwarsu. A zafi da laimar Kumasi zagayen yakan cika cikin wata biyu, kuma suna iya yin watanni a tsaga ba su ci komai ba. Don haka wanke ƙasa kaɗai ba ya yi, sama suke.

Ka fitar da karen, ka ƙone tsohon buhun da yake kwana a kai, ka share ɗakin. A yi feshi da maganin kaska da likita zai nuna maka, a bi bango tun daga ƙasa har inda ya haɗu da rufi, bayan ƙofa, tsagar siminti, ramukan bulo da ƙarƙashin katako. A bari ya bushe sarai kafin ya koma, kwanukansa kuma a waje. Feshi ba ya kashe ƙwan da ke can cikin tsaga, saboda haka a maimaita duk mako biyu har sau uku ko huɗu, daga nan a toshe tsagogin da siminti. In akwai kyanwa a gidan ka faɗa wa mai sayar da maganin, don mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa.

A jikin karen kuwa, ƙwayoyin taunawa su ne suka fi aiki a yanzu: NexGard ko Simparica duk wata, Bravecto kuma wata biyu zuwa uku. Ana sayensu ne bisa nauyi, kar a raba na babban kare gida biyu a ba ƙanana, kuma in kare yana da tarihin farfaɗiya a gaya wa likita tukuna. Suna kashe kaskar cikin kwana ɗaya zuwa biyu da kafa baki, tun kafin ta kai kwanakin da dafin ke taruwa. Allurar aibamektin da ake yawan yi ba ta riƙe kaska yadda ake zato, kar ka dogara da ita. In akwai wani kare a gidan, a ba su duka rana ɗaya. Kuma gab da Layya, in an ɗaure rago ko sa a tsakar gida, a nisanta shi da inda karen ke kwana, a kuma laluba jikin karen kowace yamma har mako biyu bayan Sallah.